Minti Arba'in a Nima

Ranar Talata farar mota kan zo,
ta tsaya daf da rumfar Baba Isaka baduku,
ta sauke baƙi goma sha biyu
masu faffaɗan huluna, kowa da gorar ruwansa.
Ruwan ma daga otal suka ɗauko.

An ba teku yini guda,
an ba kasuwar sassaƙa awa biyu,
Nima kuwa minti arba'in,
har da na hawa da sauka.

Jagoransu yaron kirki ne, Kwabena,
da kati a wuya, da Turanci mai santsi.
Sai dai lungun da yake ce musu kada su shiga
Lungun Goro ne, inda kakana ya sauke huhunsa na farko.
Yakan nuna masallacin da bai taɓa tuɓe takalmi a ƙofarsa ba,
ya ƙara masa shekara ɗari,
babu wanda ke ko tari.

Ni na san unguwar nan kamar yunwar cikina.
Na je ofis neman irin katinsa,
aka ce in kawo shaidar makaranta,
da hoto huɗu, da sidin da ban taɓa riƙewa a dunƙule ba.
Na ce ina da sunan kowace ƙofa a kaina.
Aka ce babu gurbin wannan a takarda,
in dawo Alhamis.
Alhamis ta bakwai ke nan.

Bara an yi taro a kanmu a wani bene mai sanyi.
Hajiya Lantana mai wake da shinkafa ta je da yawunmu,
aka zaunar da ita can baya kusa da ƙofa.
Ta ce sau talatin ta ji an ambaci al'umma,
ba a waiwayo ko sau ɗaya ba.
Ta dawo da riga mai tambari da lemo a leda,
ta ce: an yi mana aski ba ma nan.

Allon aikin na nan bakin kwata,
sunayen masu tallafi sun fara tsatsa.
Awaki ke morar inuwarsa.
Ruwan Yuni ya zo, kwatar ta shigo ɗaki
ta kwana tare da mu, kamar kullum.

Jikan Hajiya, Mumuni, ya tsinci fuskarta a waya,
tururin tukunya na tashi a bayanta,
a ƙasa an rubuta dala sittin kowane kai.
Ita ko cokali ɗaya ba su taɓa saye ba,
wai an gargaɗe su saboda ciki.

Ba zan wanke mu tas ba.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari:
kwamitinmu ya rabu biyu a kan kujera,
asusun gyaran lungu ya yi ƙafa,
ledar da ta toshe kwata ba daga Turai ta zo ba.

Wata Talata igiyar takalmin wata tsohuwa ta tsinke.
Ta zauna a bencin Baba Isaka, ƙafa ɗaya tsirara.
Yana huda, yana jan zare,
ni ina ba ta labarin fatar da hanyar da ta biyo daga arewa.
Ta ci waken Hajiya da hannu, ta share hawayen yaji,
ta tambayi sunan lungun, ta sa na maimaita,
ta rubuta a tafin hannunta.
Sai oda, sai oda kuma.

Minti goma sha ɗaya ta ƙara mana.

Mako na gaba motar ta tsaya can bakin titi,
ba a buɗe ƙofa ba.
Ta gilashi suka ɗauke mu,
Baba Isaka bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba.